Tsohon Windows cikin sabuwar kwamfuta: tarihin kayan aron da munka ɗauka namu ne

 

Akwai wata tambaya da masu saurare ke yawan aiko muna. Mutum ya yi tanadi ya sayi kwamfuta sabuwa, ko odinatar kamar yadda munka saba faɗi nan, ya kai ta wurin mai gyara ya ce a sa mashi Windows 7 da ya saba da shi, mai gyara ya kwana biyu da ita ya ce ba ya shiga. Shin ƙarya yake ko gazawa ce? Amsa a taƙaice: gaskiya ya faɗa. Amma dalilin yana da tarihi na shekara hamsin da ɗoriya, kuma tarihin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Wani zai ce mi ya haɗa Lugu da wagga magana, garin da ba kowane gida ke da kuran ba, balle kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne takarda. Takardar haihuwar yaron Lugu, sunansa cikin jerin masu jarrabawa, lissafin rigakafi na gidan likita, da muryar dattijon da anka ɗauka yana ba da labarin yaƙin Sarauniya da sojan Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, duk suna bi ta cikin wata kwamfuta, a ma'aikatar magajin gari, ko a lakwal, ko a gidan rediyo. In wannan inji ya lalace ko anka share shi, asarar tana isa har ƙauye.

Ƙarfe namu, manhaja ta aro

Kwamfuta abu biyu ce. Akwai ƙarfen da muke gani: allo, madannan rubutu, rumbun ajiya. Akwai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da su duka, wadda masu gyara ke ce ma sistem. Windows ita ce munka fi sani. Ƙarfen in ka biya ya zama naka. Manhajar kuwa ba a sayar maka da ita. Izinin amfani da ita anka ba ka bisa sharuɗɗa, shi ne lasisi.

Mu manoma mun san wannan bambanci tun kaka da kakanni. Gonar gado daban, ta saye daban, ta jingina daban, ta aro daban. Wanda anka ara ma gona yana noma ya ci, amma ba ya sayar da ita, ba ya ba wani, kuma mai gona ke faɗin iyaka. Lasisin Windows takardar aro ce, ko da kuwa kuɗi ka biya.

Can farko ba haka abin yake ba. A shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka yana haɗa manhaja da inji a kuɗi guda. A 1969 ya raba su, ya fara sa ma manhaja farashinta daban. A watan Fabrairun 1976 wani saurayi mai shekara 20, Bill Gates, wanda ya kafa Microsoft tare da Paul Allen, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa masu sha'awar kwamfuta suna kwafar manhajarsa hannu da hannu ba tare da biya ba, ya kira abin sata. A 1981 IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur da manhajar Microsoft a ciki, amma Microsoft bai sayar da manhajar ga IBM ba, izini kawai ya ba shi, ya riƙe ikon ba sauran kamfanoni. Daga wannan yarjejeniya arzikin Microsoft ya taso, kuma daga nan anka gina tsarin da muke ciki har yau.

Yadda XP ya same mu

Windows XP ya fito ranar 25 ga Oktoban 2001. Lokacin intanet ba ta daɗe da shigowa Nijar ta hannun SONITEL ba, salula kuma tana fara yaɗuwa. Gidajen rediyon karkara sun fara buɗewa, bayan na Bankilare a 1999. A watan Yulin 2004 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi, ma'aikatun magajin gari sunka kafu a wurare irin su Ɗankasari, wadda Lugu ke ƙarƙashinta, da Matankari da Kore Mairuwa. Ma'ana, lokacin da ofisoshinmu sunka fara buƙatar kwamfuta, XP ke mulki. Sakatarorinmu da shi sunka koyi aiki, ƴan makaranta da shi sunka fara shiga sibar.

Injinan kuwa mafi yawansu na hannu ne, ƴan Kwatano, waɗanda ofisoshin Turai sunka gama da su. Wasu ta Yamai sunka zo, wasu ta Sakkwato da Kano, wasu kuma kyautar ƙungiyoyi da furoje. Cikakken XP na ƴan ofis a kwalinsa, farashinsa a Amurka dalar Amurka 299 ne, abin da ya haura jika 200 a canjin wancan lokaci, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi a Nijar bai kai jika 30 ba a wata. Ba sai an tambaya ba. Faifan sede guda shi ya riƙa zagaya gari.

Microsoft ya san haka za ta faru. XP shi ne Windows na farko da anka sa ma kowa tilas ya tabbatar da lasisinsa: lambar mabuɗi mai haruffa 25, da wa'adin kwana 30 a yi rajista ta intanet ko ta talho, in ba haka ba ya kulle. Sai dai manyan kamfanoni masu sayen lasisi da yawa an ɗauke masu wannan wahala, kuma ɗaya daga cikin mabuɗansu ya fita hannun jama'a tun kafin ranar fitowar XP. Daga nan wasu matasa masu jin faransanci sunka riƙa gyara XP, suna cire wasu abubuwa suna ƙara wasu, suna sa mashi suna. Wanda ya yi zamanin sibar zai tuna XP Sweet da XP Coccinelle. Babu ko ɗaya cikinsu da ya fito daga Microsoft, kuma mai sa su bai san abin da anka cusa ciki ba.

2007: shekarar da duniya ta koma baya

A ƙarshen Janairun 2007 Microsoft ya fitar da Windows Vista. Nan ne al'adar sa tsohuwar manhaja cikin sabon inji ta zama ruwan dare, kuma ba mu kaɗai ba. XP yana iya tashi da ƙwaƙwalwar aiki ta mega 128. Vista kuwa mafi ƙaranci mega 512, kuma ba ya sakewa sai da jiga guda ko fiye. Injin buga takardu da yawa sunka ƙi aiki da shi. A watan Afrilun 2007 kamfanin Dell ya koma sayar da sababbin kwamfutoci da XP saboda matsin masu saye. Microsoft da kansa ya yarda da abin da ake kira haƙƙin komawa baya: wanda ya sayi inji da Vista na ƴan kasuwa ko mafi girmansa, lasisin ya ba shi dama ya sauke shi ya sa XP na ƴan ofis. Na gida kuwa bai taɓa samun wannan dama ba, har yau.

Mu a nan muna da dalilai namu da sunka ƙaru a kan waɗannan.

Na farko harshe. Injin da ya biyo ta Najeriya ko Dubai da ingilishi yake zuwa, mu kuwa da faransanci munka yi karatu. A zamanin XP ba a sauya harshe da danna wuri guda, sai an share an sa wani. Ko a Windows 7, wanda ya fito a Oktoban 2009, manyan nau'i biyu kaɗai ke ba da damar sauya harshen gaba ɗaya. Mai gyara kuwa faifan da ke aljihunsa shi zai sa. Ta haka injina masu lasisi na gaskiya, da takardar shaida manne a ƙarƙashinsu, sunka koma aiki da kwafi, mai su bai ma san ya yi asarar abin da ya biya ba.

Na biyu kayan aiki. Ofishin da ke da injin buga takardu guda tun zamanin wani furoje ba zai jefar da shi ba don sabon Windows bai san shi ba. Kowane kayan aiki yana buƙatar ƴar manhajar da ke yi mashi tafinta da sistem, wadda masu gyara ke ce ma pilot ko direba. In kamfanin bai rubuta sabon tafinta ba, inji lafiya lau ya zama gumki.

Na uku ya shafe mu ma'aikatan rediyo. Da yawa cikinmu da Cool Edit munka koyi yanka murya. Kamfanin Adobe ya saye shi a 2003 ya sauya mashi suna zuwa Audition, a 2013 kuma ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sau guda, ya koma haya, biya kowane wata ta intanet da katin banki. Gidan rediyon karkara da ke rayuwa da kuɗin gaisuwa da sanarwar biki, ina zai samu wannan? Sai ya riƙe tsohuwar manhaja, ita kuma ta riƙe tsohon Windows. In ka yi magana a ce maka da tsohuwar zuma ake magani.

Lokacin ma sai da dabara. Sababbin injina sun zo da rumbun ajiya irin na SATA wanda faifan XP bai sani ba, sai allo ya yi shuɗi tsakiyar aiki. Masu gyara sunka koyi shiga BIOS, wato ƴar manhajar da ke tada inji kafin Windows, su ce ma rumbun ya yi kamar irin na da. Wasu sunka koyi cusa pilot cikin faifan kansa. Dabarar ta yi aiki shekaru, shi ya sa mutane sunka ɗauka kullum za ta yi.

Abin da doka ta ce

Mu faɗi gaskiya, ba wanda ya zo Dogon Dutsi daga Amurka ya bincika injin kowa. Amma rashin mai bincike bai sa doka ta ɓace ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin fasaha, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa, hedikwatarta a Yawunde, ƙasashe 17. An sake gyara yarjejeniyar a 1999, kuma manhajar kwamfuta tana cikin abin da take karewa, a sahu guda da littafi. A cikin gida akwai dokar haƙƙin mawallafi ta watan Disamban 2010, da ofishin BNDA da mawaƙanmu sunka sani. Dokar da ke kare littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, irinta ce ke kare Windows. Mu da ke jin zafi in an kwafi waƙar mawaƙinmu ana sayarwa bai samu ko dala ba, ya kamata mu gane maganar, ko da muna ganin farashin bai yi la'akari da talaka ba.

Lasisin Windows iri uku ne, kuma sanin su yana hana a cuce ka. Akwai wanda ke zuwa tare da inji daga masana'anta. Wannan na injin ne, tare suke rayuwa tare suke mutuwa, ba a cire shi a kai ma wani. Akwai wanda ake saye daban a kwali ko ta intanet, shi ana iya ɗauke shi daga tsohon inji a kai sabo, in dai inji guda ke amfani da shi. Akwai kuma na manyan ma'aikatu masu saye da yawa. Mabuɗan da ake tallatawa da ɗan kuɗi kaɗan a intanet, da yawa daga wannan na ukun anka fizgo su, suna iya aiki yau gobe a toshe. A Turai kotun tarayyarsu ta yanke hukunci a watan Yulin 2012 cewa ana iya sake sayar da lasisin da anka yi amfani da shi, in mai shi na farko ya daina aiki da shi. Wannan hukuncin Turai ne, bai zama hujja ga duk mabuɗin da anka turo maka ta WhatsApp ba.

Yadda ƙofa ta riƙa rufewa

A 2012 Windows 8 ya zo da sauyi biyu. Takardar shaida mai lambar mabuɗi da ake mannawa ƙarƙashin inji ta ɓace, anka rubuta mabuɗin cikin ƙarfen kansa. Sannan BIOS ya fara ba da wuri ga sabon tsari mai suna UEFI, wanda ke da mai gadi a ƙofa: ba ya barin manhajar da ba ta da sa hannun da ya sani ta tashi. XP bai san wannan tsari ba sam. Na ɗan lokaci masana'antu sun bar wata ƙofar baya da ke kwaikwayon tsohon BIOS, masu gyara sunka ci gaba da bi ta nan.

Ranar 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ya daina aiko ma XP gyare-gyaren tsaro. Gwamnatin Ingila, da ba ta gama sauya injinanta ba, sai da ta biya kimanin fam miliyan 5.5 don a ƙara mata shekara guda. Mu ba mu biya ba, ba mu kuma daina ba.

A Janairun 2016 Microsoft ya sanar cewa sababbin ƙwaƙwalen inji, daga tsara ta bakwai ta Intel da sababbin na AMD, Windows 10 kaɗai zai tallafa masu. A 2017 ya fara toshe ma Windows 7 sabuntawa a kan irin waɗannan injina. A wannan shekara Intel ya ce zuwa 2020 zai rufe waccan ƙofar baya ta tsohon BIOS. Ga kuma matsalar tafinta: faifan Windows 7 bai san mashigar USB 3 ba, bai san sabon rumbun ajiya irin na NVMe ba. Shi ya sa mai gyara ke fara aiki sai linzami da madannai su mutu, ko inji ya ce babu rumbu alhali yana ciki. Ko ya yi nasarar sa shi da ƙyar, sauti ko wifi ko hoton allo wani zai ƙi, don ba wanda ya rubuta masu pilot na Windows 7.

Ranar 14 ga Janairun 2020 Windows 7 ma anka yaye shi. A farkon 2023 manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina sabuntawa a kansa, kamar yadda ta bar XP tun 2016. Damar hawa Windows 10 kyauta, wadda anka buɗe a Yulin 2015 ga masu lasisin gaskiya na 7 da 8.1, an rufe ta gaba ɗaya a Satumban 2023.

Sai abin ya juye. Windows 11 ya fito a Oktoban 2021 da sharuɗɗa kan ƙarfen: jiga 4 na ƙwaƙwalwar aiki, jiga 64 na ajiya, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga tsara ta takwas zuwa sama ko makamanciyarta. Da can sabon inji ke ƙin tsohon Windows, yanzu sabon Windows ke ƙin tsohon inji. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan. Mun san inda sharar Turai mai sauran numfashi ke sauka. Za mu gan su a kasuwanninmu, masu tsabta, masu araha, ana ce muna sababbi ne.

Kuɗin da muke biya ba mu sani ba

Windows da anka daina ma gyaran tsaro yana tashi kullum kamar yadda ya saba, shi ya sa mutane ba su ganin haɗarin. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama injina sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Tana kulle duk takardun da ke ciki ta nemi kuɗin fansa. Asibitocin Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ramin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su anka kama, kuma mafi yawansu Windows 7 ke gare su. Kwafin da ke zagaya garuruwanmu kuwa, abu na farko da ake kashewa a cikinsa shi ne sabuntawa, don kada allo ya yi baƙi ya rubuta cewa wannan ba na asali ba ne.

Ba sai mun je Ingila ba. Kowa ya san birus ɗin da ke bin kile, wanda ke ɓoye takardunka ya bar maka inuwarsu. Daga sibar zuwa ofis, daga ofis zuwa lakwal. Maganin da anka saba shi ne a kai a yi format, wato a share komi a sake sa sistem. In ba a kwashe ajiyar ba kafin nan, aikin shekaru ya tafi cikin awa guda. Takardar ofis ana iya sake bugawa in akwai rajista ta hannu. Hirar da anka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta da madadi.

Akwai kuma wata asara da ta shafi harshenmu. Salon haruffan da anka fi amfani da su a XP ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga ƴan akwatuna a madadinsu. Daga Vista da Windows 7 abin ya gyaru, har Microsoft ya fitar da fassarar allon Windows 7 zuwa Hausa. Yanzu da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ofishin da ya nace ma XP zai wahala wajen rubuta sunan Ɗankasari daidai.

Ɗayar hanyar

Tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin gina manhajar da kowa ke da izinin kwafa, ya gyara, ya raba. A 1989 ya fitar da lasisin GPL da ke tabbatar da wannan izini. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu, nau'in Linux mai sauƙin sawa. Ita ma wannan lasisi gare ta, sai dai sharaɗinta shi ne in ka raba kada ka hana na gaba irin ƴancin da ka samu. Android da ke cikin salular kowannenmu a kan Linux anka gina ta. Jandarmomin Faransa sun fara mayar da dubun dubatar injinansu kan Ubuntu tun 2008. Akwai ma Emmabuntüs, wadda wasu ƴan sa kai a Faransa sunka shirya musamman don raya tsofaffin kwamfutoci. LibreOffice yana rubutu da lissafi, Audacity yana yanka murya, duka kyauta, duka da faransanci.

Ba za mu ɓoye wahalarta ba. Masu gyaran da sunka iya Linux kaɗan ne a yankinmu. Wasu manhajojin hukuma da na furoje Windows kaɗai sunka sani. Wanda ya saba da Word sai ya yi haƙurin sati biyu ko uku kafin hannunsa ya faɗa. Amma ga ɗakin karatu, ko lakwal, ko tsohon injin da Windows 11 ya ƙi, hanya ce halattacciya da ke samun gyaran tsaro.

To yanzu mi za mu yi?

Mai sayen inji ya tambayi abu biyu kafin ya miƙa kuɗi: tsara ta nawa ce ƙwaƙwalwarsa, kuma Windows ɗin ciki an tabbatar da shi? A kunna a gabansa a nuna mashi. In da ingilishi ya zo, a gwada sauya harshe tukuna, don Windows 10 da 11 suna bari, sai wani nau'i mai harshe guda. Kada a yi gaggawar sharewa.

Wanda wata tsohuwar manhaja ko tsohon injin buga takardu ya ɗaure, kada ya ɓata sabon inji. Ya ware tsohon inji guda don wannan aiki, ba intanet, ba kilen kowa. Ko mai gyara ya sa mashi tsohon sistem a cikin taga, ta hanyar manhaja irin VirtualBox, sabon na ci gaba da aikinsa. Shi ma tsohon yana buƙatar lasisinsa.

Ma'aikatun magajin gari, daraktocin makarantu da shugabannin gidajen rediyo, in furoje ya kawo kyautar kwamfuta, a tambayi takardar lasisi da sunan wa take, kuma in furoje ya tashi wa zai ci gaba da biya. A rubuta wannan cikin takardar miƙa kaya. Kuma duk abin da ba a iya sake samu, rajistar haihuwa ko muryoyin dattawan Lugu da Bagaji, a ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gini daban, kafin mai gyara ya taɓa inji.

Ga matasanmu masu gyara a Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda sunka riƙe injinan yankin nan shekara ashirin da faifai da basira, lokacin koyon sabon abu ya yi. Injinan da Windows 11 ya ƙi suna tafe da yawa, kuma wanda ya iya raya su da Linux zai samu aiki.

Wanda ke da tsohon kaset ko faifai mai ɗauke da tarihin garinsu, ya sanar da mu a ƙarƙashin wannan rubutu, mu ga yadda za a kwafe shi tun yana karantuwa.